Tsani Ba Shi Da Dunduniya

Talata, 22 ga Nuwamba, biyar na yamma

Saudiyya ta ci Ajantina. Tun da aka tashi wasan motoci ke ta hon a unguwarmu ta Madinat Khalifa, nan Doha, kamar ana kai amarya, har yanzu ba su gaji ba.

Ɗanlami yana kwance. Ya ce ba komai, in bar shi ya huta. Na naɗe ƙanƙara a tawul na ɗora masa a gefen hagu, ya kama hannuna ya ce, "Caro, daina min wannan kallon na asibiti. Mijinki ne, ba mai gado na shida ba." Ya so ya yi dariya, dariyar ta tsaya masa a rabi.

Na naɗe tabarmar roba, na mayar da kujerar wurinta. Ba ni da abin rubutawa yau.

Laraba, 23, da hantsi

A zaune ya kwana. Ya ce tuwon jiya ne ya tokare shi.

Alhamis, 24, bayan la'asar

'Yan matana sun zo kamar kowace Alhamis. Sababbin nas-nas ne su biyar da asibitinmu ya ɗauko daga gida bana, matiron ta danƙa min su in nuna musu hanya. Ni kuwa ba abin da nake so a aikin nan kamar wannan. Na dafa musu gwaten acca, suka cinye har ƙanzo. Sun yi ta gardama ko za a goyi bayan Ghana yau. Jemimah ta ce ita mutanen da suka hana Nijeriya zuwa ko ruwa ba za ta ba su ba, sai dai in sun zo mata a gadon asibiti.

Jemimah 'yar Kafanchan ce, tana sashen gaggawa. Ita ce mai kaifin cikinsu. Yau ta ba mu labarin wata 'yar aikin gida da aka kawo da ƙuna a hannu, uwar ɗakinta tana ta amsa mata tambaya. Ta ce, "Anti, sai na tuna maganarki. Na ce wa matar ta jira a waje, na rufe labule." Sai ta maimaita musu abin da na koya musu tun satin farko, har da yadda nake ɗaga yatsa: in tabo bai dace da labarinsa ba, a rubuta. Kuma wanda takardar zamansa ke hannun wani, kada a yarda da "ba komai" ɗinsa.

Na ji daɗi ƙwarai. Na ce su tafa mata.

Ɗanlami bai fito ya tsokane su ba yadda ya saba. Na ce musu mura ce.

Asabar, 26, da safe

Numfashinsa gajere-gajere. Na yi masa gwajin korona na gida sau biyu, layi ɗaya. Duk da haka da na ji yana jan iska da baki sai bara ta dawo min gaba ɗaya: shi a bayan gilashi da bututu a baki, ni a tsaye cikin rigar leda ina aikin wasu, ba a yarda in taɓa shi ba.

Na ce mu je a ɗauki hoton ƙirji. Ya ce, "In ce musu me?"

Na san abin da ke gefen hagun nan. Hannuna ya sani tun Talata.

Lahadi, 27, shida na yamma

Ina hawan sama na asibitinmu ina aiki abokinsa Dogara ya kai shi sashen gaggawa, don ya tarar da shi ya kasa tashi daga kujera. Cikin asibitocin Doha duka, namu ya kai shi. Ya ɗauka gata ya yi mana.

Haƙarƙari biyu sun tsage. Huhu lafiya, godiya ga Ubangiji. Ya ce wa likita daga tsani ya faɗo yana gyaran na'urar sanyi.

Jemimah ce ta buɗe masa riga don gwajin zuciya.

Ta same ni a ɗakin shan shayi, ta rufe ƙofa. Ta ce, "Anti, Kawu Ɗanlami ya ce tsani ne."

Na ce haka ya ce.

Ta ce, "Tsani ba shi da dunduniya. Shatin ƙafa ne, biyu, a jere. Wa ya taka shi? In 'yan kallon ƙwallon nan ne ko wani a wurin aiki, ki faɗa min, ba za mu bar shi ba."

Ina ta juya cokali a kofin da ba sukari. Ta jira. Yarinyar ta iya jira, ni na koya mata. Daga baya ta sunkuyar da kai, na ɗauka kunya ce. Ashe takalmina take kallo.

Litinin, 28, da azahar

Ina hutu yau, yana barci. Bari in rubuta sau ɗaya, a fili, ko zan ji yadda zai yi a kunnen wani.

Shekara ta biyu da aurenmu a Jos ya dawo daga aiki ya ce bayansa ya ƙage, in taka masa. Kowa na yin wannan. Na taka. Da na sauka ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, da fuskarsa a ƙasa, ba ciwon baya ba ne. Ya ce tun yana saurayi yake da wannan a ransa, ya kwanta mace ta tsaya a kansa da nauyinta duka, ya zama ba shi da ta cewa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ɗauka zan tattara kayana.

Na yi kwanaki ina addu'a. Ban ji an hana ni ba. Kuma gaskiya, tunda yau ranar gaskiya ce, ban tsaya a haƙuri ba, na zo ina so. Akwai wata natsuwa da ke sauko masa a fuska wadda ban taɓa ganinta a wani wuri ba, kuma ni kaɗai ke kawo ta.

Ni na kafa dokoki, irin na ma'aikaciyar jinya. Ba takalmi. A ƙasa, ba a katifa ba. Hannuna a kan bayan kujera don in rage nauyi a take. Ba wuya, ba ciki bayan abinci, ba ranar da ɗayanmu ke fushi. Lokacin kullen korona na karanta na ga ashe muna da yawa a duniya, har suna gare shi a Turance, kuma dokokinsu kusan nawa ne. Na yi alfahari kamar wadda ta ci jarrabawar da ba ta san ta zauna ba. Kalmarmu ta tsayawa tun da muka zo nan ita ce khalas, wato ya isa. Ya faɗa, na sauka, ba tambaya.

Tun da korona ta kwantar da shi ban yarda ba. Shekara da rabi yana roƙo ina cewa sai ya ƙara ƙarfi. Ranar Talata muna gida mu biyu, gari duk yana wurin ƙwallo, ya ce ya warke, yana hawa bene ba haki. Na yarda.

Kalma da iska ake faɗarta. Mutumin da huhunsa ya sha abin da nasa ya sha, in an danne masa ƙirji, ina zai samo iskar? Ɗalibar shekarar farko ta san wannan. Ni ina tsaye ina jiran kalma, waje ana ta hon.

Na karanta abin da na rubuta. A kunnen wani ba zai yi daɗi ba.

Laraba, 30, da yamma

Jemimah ta zo gidan ina wurin aiki. Ta kawo masa farfesun kaza. Shi ya ba ni labari, yana ƙoƙarin mai da abin wasa.

Wai ta zauna a bakin kujera ta ce, "Kawu, zan yi maka wasu tambayoyi, kada ka ji haushi. Kana jin tsoro a gidan nan?" Ya ce yana tsoron gwaten Anti in ta cika yakuwa. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye shi wa ke riƙe da fasfo ɗinsa. Ya ce yana cikin durowa tare da nawa. Ta ce wa ke kafil ɗinsa, wato wanda zamansa a ƙasar nan ke ƙarƙashinsa.

Ni ce. Kamfaninsu ya sallame su lokacin korona yana kwance, na mayar da iƙamarsa, takardar zamansa, ƙarƙashina don kada a kore shi. Tun daga nan 'yan gyare-gyare yake yi nan da can.

Ya ce da ya ga inda ta dosa sai ya faɗa mata, "'Yata, ba wanda ya zalunce ni. Ni na roƙa."

Ta ce, "Kawu, duk haka suke cewa."

Ya cinye farfesun. Ya ce ta iya girki.

Alhamis, 1 ga Disamba, da la'asar

Na aika musu saƙo cewa yau ba zama, Kawu ba lafiya. Huɗu sun amsa.

Juma'a, 2, bayan sujada

Mun je coci ni kaɗai. Na rubuta "mun" don sabo. Jemimah ta zauna can layin 'yan kwaya. Da aka ce a gaisa da juna ta tako har inda nake, ta riƙe hannuna da hannu biyu, idonta ja. Ta ce a hankali, "Anti, na rubuta. Jiya na miƙa. Ban so ki ji a bakin wani ba."

Na ce, "Kin sa ranar da lokacin? Kin zana inda tabon yake?"

Ta ce ta sa.

Na ce to madalla. Ban san me ya sa wannan ne ya fito daga bakina ba. Duk wa'azin ban ji ko kalma ɗaya ba, ina ta kallon wata mata a gabana da ɗankwalinta ya karkace.

Lahadi, 4, da hantsi

Matiron ta kira ni. Ba ta ce in zauna ba sai da ta gama. Ta ce rahoto ya je ofishin walwala na asibiti, kuma tunda ma'aikaciyarsu ce a ciki, in zauna a gida har a gama bincike. Ta ce in suka ga akwai duka, dole su sanar da 'yan sanda da hukumar lasisi. Ba ta buƙatar ƙarasawa. Lasisi ya tafi, aiki ya tafi, iƙamata ta tafi, tasa na rataye da tawa.

Ta karɓi katin shigata ta sa a durowa. Ta ce, "Sister Caroline, shekara tara ban taɓa jin ko ƙorafi a kanki ba." Ta faɗe shi kamar laifi ne.

Litinin, 5, da rana

Duk motar da ta tsaya a ƙasa sai na leƙa.

Talata, 6, da azahar

Mun yi faɗa, irin na masu raɗa, don bangon gidan nan kwali ne.

Na ce me ya sa bai buga ƙasa ba, bai kama ƙafata ba, wani abu dai. Ya ce ya faɗi kalmar, bakinsa ya yi ta, sauti ne bai fito ba. Hannu kuwa bai zo masa a rai ba, shekara goma sha ɗaya da baki muke yi. Ya ce ba laifina ba ne. Na ce ni ce nas a gidan nan.

Sai na tambaye shi abin da ya kwana uku yana cina. Na ce tun da takardarsa ta dawo hannuna, akwai abin da ya taɓa cewa to alhali ransa na cewa a'a? Ko kan abinci, ko kan kuɗin gida, ko kan komai?

Ya dube ni ya ce, "Ke ma kin koma Jemimah?"

Na ce amsa nake so.

Ya ce, "Wa ya shekara da rabi yana roƙo, ni ko ke?" Ya tashi zai fita cikin fushi, haƙarƙarin ya hana shi saurin, ya tafi a hankali yana dafa bango kamar tsoho. Da wani lokaci ne da mun yi dariya.

Bai amsa tambayar abinci da kuɗin ba. Na lura.

Alhamis, 8, da yamma

Mun je ofishin walwala. Wata Basudaniya ce, babba, mai lalle a yatsu da murya ƙasa-ƙasa. Ta gan mu ɗaya bayan ɗaya.

Ni ta fara kira. Na yi niyyar in yi mata bayani tsaf yadda nake yi wa 'yan matana, daki-daki. Da na buɗe baki sai na ji ina cewa "wani abu ne tsakanin miji da mata." Ta ce ta sani, duk abin da ke zuwa teburinta tsakanin miji da mata ne. Sai na faɗa. Na faɗi kujerar, na faɗi dokokin, na faɗi kalmar. Ba ta ɗaga gira ba, rubutu kawai take yi. Ta tambaye ni nauyina. Ta tambaya ko na taɓa yi ina fushi. Ta tambaya me ya sa na bar shi kwana biyar da karaya ban kawo shi ba, ni da na san aiki.

Na ce kunya. Ta rubuta.

Ya fi ni daɗewa a ciki. Da ya fito gumi ya jiƙa masa wuyan riga. A mota ya ce, "Na faɗa mata abin da ko fasto bai sani ba, da Turancina na makanike. Ta ce ta ji, kuma a ranta ta yarda. Amma wai mutumin da matarsa ke kafil ɗinsa, in ya ce ya yarda, ba ta da ma'aunin da za ta auna yardar."

Direban tasin ɗan Maroko ne, yana ta ba mu labarin yadda suka fitar da Sifen. Muka yi ta ce masa mabruk, barkarsu ta Larabci.

Asabar, 10, da safe

Ba kira.

Litinin, 12, da la'asar

Ba kira. Na wanke labulaye duka. Na goge bayan firij. Ɗaya daga 'yan matan ta aiko tambaya kan lissafin ruwan jijiya, na amsa mata da shafi guda, da misalai uku. Ta ce na gode Anti, yaushe za ki dawo. Ashe an ce musu hutu na ɗauka. Jemimah ba ta faɗa wa kowa ba. Wannan ma ni na koya mata.

Ɗanlami yana ta waya a baranda da Dogara, in na fito sai ya sauya magana.

Laraba, 14, da azahar

Ya faɗa min. Kamfanin da Dogara ke yi wa aiki suna neman mai gyaran na'urar sanyi, za a kwance kayan filayen wasa bayan gasar. Za su mayar da iƙamarsa ƙarƙashinsu. Sharaɗin shi ne zama a masaukin ma'aikata can bayan gari, mutum huɗu a ɗaki, gida sai Juma'a. Ya riga ya je ya gaya wa Basudaniyar. Ta ce in takardar ta fita daga hannuna, kuma bayan wata uku ya zo shi kaɗai ya maimaita abin da ya faɗa, za ta rufe maganar a cikin asibiti. Kafin nan zan koma aiki, amma fayil ɗin a buɗe yake.

Na ce mai huhu irin nasa ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutum huɗu. Na ce haƙarƙarinsa bai haɗe ba. Na ce a bar ni in je in sake yi mata bayani, wannan karon da kyau.

Ya ce, "Caro, bayaninki ba shi da laifi. Bakina ne ba ya da daraja, kuma ba ke za ki saya masa ita ba." Sannan ya ce, "Tambayar da kika yi min waccan Talatar. Akwai. Ba a kan wancan ba, wancan nawa ne. Amma a kan ƙananan abubuwa, akwai. Ban so in ɓata wa mai riƙe da ni rai."

Na shiga kicin na kunna famfo.

Lahadi, 18, da yamma

Ranar wasan ƙarshe, kuma ranar bikin ƙasar. Jirage suna ta wucewa ƙasa-ƙasa, tagogi na karkarwa. Matiron ta aiko saƙo in zo ran Laraba in karɓi katina. Ba ta ce komai kan 'yan matan ba, ni ma ban tambaya ba tukuna.

Na haɗa masa magunguna a leda, na rubuta lokacin kowanne a jiki. Ya ce ko a Sanaiya, can masaukin ma'aikatan, ba zai tsira daga asibiti ba.

Talata, 20, da hantsi

Dogara ya zo da mota. Ɗanlami ya sunkuya zai ɗauki jakar, na ga fuskarsa, na karɓe. Na sauko da ita bene uku yana biye da ni yana cewa maƙwabta za su ce an kore shi. Dogara ya ce, "Madam, kada ki damu, ni zan riƙa duba shi. Ko ledar burodi ba zai ɗaga ba."

Ya buɗe durowar kafin mu sauko ya ɗauki fasfo ɗinsa da kansa, ya sa a aljihun gaba. Na ga yana taɓa wurin sau biyu a kan bene.

A bakin motar ya matso ya ce a kunnena, "In wata ukun ya cika, zan je in faɗa mata. In na dawo kuma zan sake roƙonki wancan abin. Ki shirya amsarki, ko wacce ce."

Na ce ya sa bel a hankali, kada ya danne gefen hagun.

Motar ta juya kwanar masallaci. Na hau sama. Fasfo ɗina na nan a durowa shi kaɗai, na rufe.